Dabbar Orka da Abin da Jimillar Ƙidaya Ke Ɓoyewa

Idan aka tambayi masana yawan dabbobin orka da ke tekunan duniya, amsar da suka saba bayarwa ita ce aƙalla 50,000, kuma duk wanda ya ji wannan adadi zai iya kwantar da hankalinsa cewa babu wata barazana da ke tafe. Orka dabba ce mai shayarwa, mai launin baƙi da fari, ita ce mafi girma a dangin dolfin, tana numfashi da huhu, tana ɗaukar ciki na kimanin wata 17, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi. Ana samunta daga ruwan ƙanƙara na Antaktika har zuwa gaɓar Alaska da Norway. Sai dai na daɗe ina bibiyar binciken da ake yi a kanta, kuma abin da na gamsu da shi shi ne wannan jimilla ba ta faɗa mana komai game da abin da ke salwanta, domin orka tana rayuwa ne cikin ƙananan al'ummomi, kowace da abincinta da muryarta da iliminta, kuma idan al'umma ɗaya ta ƙare, dubban da suka rage a wasu tekuna ba za su maye gurbinta ba.

Wannan fahimta ta samo asali ne daga aikin wani masanin Kanada mai suna Michael Bigg. A farkon shekarun 1970 ana kama orka a gaɓar British Columbia ta Kanada da jihar Washington ta Amurka ana sayar wa gidajen nune-nunen dabbobin ruwa, bisa zaton cewa suna da yawa ƙwarai. A watan Agustan 1970 kaɗai, an yi wa kimanin 80 ƙawanya a mashigin Penn Cove na jihar Washington, aka ɗebe ƙanana bakwai, wasu kuma suka mutu a cikin raga. Da aka ɗora wa Bigg alhakin ƙidayarsu, sai ya gano cewa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, sannan ya lura da wani abu da ya sauya fannin baki ɗaya: fiffiken da ke tsaye a gadon bayan kowace orka yana da siffarsa da ƙananan yagewarsa, kuma tabon toka-toka da ke bayan fiffiken ya bambanta daga dabba zuwa dabba. Ke nan hoto mai kyau ɗaya ya isa a gane dabba har ƙarshen rayuwarta. Daga 1976 wani masanin Amurka, Ken Balcomb, ya fara ƙidayar shekara-shekara ta al'ummar orka da ke kudancin wannan gaɓa, kuma cibiyar da ya kafa, Center for Whale Research, tana ci gaba da aikin har yau. Kowace dabba tana da harafi da lamba, an san uwarta, an san kakarta, an san shekarar da aka fara ganinta da shekarar da aka daina.

Da hotuna suka taru, sai ta bayyana cewa ruwa ɗaya yana ɗauke da nau'o'in orka da ba sa cuɗanya. Akwai waɗanda ake kira mazauna, masu cin kifi, musamman babban kifin salmon na Chinook. Akwai kuma waɗanda a da ake kira masu wucewa, yanzu ake danganta su da sunan Bigg, waɗanda abincinsu dabbobi ne masu shayarwa irin su sil (dabbar teku mai fitowa gaɓa ta huta) da ƙananan dangin dolfin. Suna ratsa mashigi ɗaya, wani lokaci a yini ɗaya, amma ba sa haɗuwa, ba sa barbarar juna, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa rabuwarsu ta kai dubban ɗaruruwan shekaru. Mazauna masu surutu ne a ƙarƙashin ruwa, domin kifin da suke bi ba ya jin yawancin sautinsu, su kuwa na Bigg shiru suke farauta, saboda abin farautarsu yana da kunne mai kaifi. Ƙarfin wannan ɗabi'a ya fito fili a 1970, lokacin da aka tsare wasu masu cin dabbobi a mashigin Pedder Bay na British Columbia ana jefa musu kifi: uku daga cikinsu sun ƙi ci fiye da wata biyu, har ɗaya ta mutu, alhali abincin da zai ceci ransu yana yawo a gabansu. Ba su san kifi a matsayin abinci ba, domin ba da shi iyayensu suka rene su ba.

Su kansu mazaunan sun kasu. Masani John Ford, wanda ya shafe shekaru yana naɗar muryoyinsu da na'urar sauraro ta ƙarƙashin ruwa, ya nuna cewa kowane garke yana da jerin kiraye-kirayensa, kuma garkunan da suke da dangantaka suna tarayya a wasu kiraye-kirayen, ta yadda mai ƙwarewa zai iya faɗin garken da ke wucewa tun kafin ya ga fiffike ko ɗaya. Mazaunan arewa, waɗanda yanzu sun haura 300, suna da ɗabi'ar goga jikinsu a kan tsakuwar gaɓa a Robson Bight da ke British Columbia, mazaunan kudu kuwa ba a san su da wannan ba, duk da cewa yankunansu suna taɓa juna. Mazaunan kudu garke uku ne kacal, J da K da L. Sun kai 98 a 1995, an sanya su cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a Amurka a 2005, kuma ƙidayar 2024 ta same su 73.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk wannan bincike shi ne matsayin tsohuwar mace. A cikin mazauna, ɗa da 'ya ba sa rabuwa da uwarsu muddin tana raye. Namiji mai shekara 30, wanda nauyinsa ya kai tan biyar ko fiye, za a same shi yana iyo a gefen uwarsa, kuma an sha ganin uwar ta nutse ta kamo kifi, ta taso da shi, ta gutsure shi biyu, ta bar masa rabi. Macen takan daina haihuwa a wajen shekara 40, amma tana iya ƙara shekaru masu yawa a duniya bayan haka, abin da ba a cika samu ba a cikin dabbobi, in ban da ɗan Adam da wasu 'yan tsirarun manyan dabbobin teku masu haƙora irin su beluga da narwal. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, mene ne amfanin wannan doguwar rayuwa bayan haihuwa ta ƙare?

Ba a iya amsa tambayar ba sai da aka sami bayanan kusan shekara arba'in na haihuwa da mutuwa. Masu bincike daga jami'o'in Exeter da York a Ingila, tare da masu ƙidayar Washington da Kanada, sun wallafa a 2012 cewa namijin da ya haura shekara 30, idan uwarsa da ta daina haihuwa ta mutu, haɗarin mutuwarsa a shekarar da ke biye yana ninkawa kusan sau 14. A 2015 suka nuna cewa tsofaffin mata ne ke gaba idan garke yana tafiya neman abinci, kuma jagorancinsu ya fi fitowa a shekarun da kifi ya yi ƙaranci. Dalilin a bayyane yake: kifin salmon yana komawa koguna daban-daban a lokuta daban-daban, yawansa yana hawa yana sauka, kuma wadda ta ga shekarun yunwa da dama ita ce ta san inda ake dosa idan wurin da aka saba ya bushe. A 2019 aka ƙara gano cewa jikokin da suka rasa kakarsu sun fi saurin mutuwa, musamman idan kakar ta riga ta daina haihuwa. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a nan an auna hakan da alƙaluma. Wannan kulawa tana da tsada, domin binciken 2023 ya nuna cewa kowane ɗa namiji da ke raye yana rage wa uwarsa damar sake samun ɗa mai rayuwa da fiye da rabi a kowace shekara, komai girman da ɗan ya yi.

A nan ne lissafin kai-da-kai yake gazawa. Idan rahoto ya ce an rasa orka ɗaya daga cikin 73, mai karatu zai ɗauka asarar ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba, amma idan wadda ta mutu kaka ce, to mutuwarta tana iya jan ta 'ya'yanta maza da jikokinta, kuma abin da ta sani game da koguna da lokuta ya tafi tare da ita.

Barazanar da ke kan mazaunan kudu guda uku ce da ake yawan ambata, wato ƙarancin kifi, da guba, da hayaniyar jiragen ruwa, sai dai a ganina kuskure ne a jera su kamar kowace tana cin gashin kanta. Kifin Chinook ya ragu saboda madatsun ruwa da lalacewar koguna da yawan kamu da ɗumamar ruwa. Orka tana gano kifi ne ta hanyar aika sauti da sauraron amsa-kuwwarsa, don haka ƙarar injin jirgi tana taƙaita nisan da za ta iya gano ɗan abin da ya rage. Idan yunwa ta kama ta, sai jikinta ya fara ƙona kitse, kuma a cikin kitsen ne sinadaran masana'antu masu guba da ake kira PCB suke taruwa, waɗanda Amurka ta haramta tun 1979 amma har yau suna nan a cikin teku. Uwa tana zuba kaso mai yawa na wannan guba cikin nononta, kuma ɗan fari ne yake kwasar mafi yawa. Samuel Wasser na Jami'ar Washington da abokan aikinsa sun bi wata hanya mai ban sha'awa don auna wannan ba tare da sun taɓa dabbar ba: sun horar da kare ya tsaya a goshin kwale-kwale yana shinshinar iska, idan ya ji warin kashin orka da ke yawo a kan ruwa sai ya karkata, matuƙi ya bi, a kwashi kashin kafin ya nutse. Daga sinadaran da ke cikinsa aka gane wace mace ce ke da ciki da kuma halin yunwar da take ciki, kuma sakamakon da suka fitar a 2017 ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na cikin da aka gano bai kai ga ɗa mai rai ba.

Ko wanda ya zo duniya ba shi da tabbas. A 2018 wata mace mai lamba J35 ta haifi 'ya da ta mutu jim kaɗan bayan haihuwa, sai uwar ta riƙa tallabar gawar a kan goshinta, idan ta zame ta nutse ta sake ɗauko ta, har tsawon kwana 17 da tafiyar kimanin kilomita 1,600. A farkon 2025 an sake ganinta ɗauke da gawar wata 'yar. Masana suna taka-tsantsan wajen sanya wa wannan ɗabi'a suna, kuma ina girmama hakan, amma ni kam baƙin ciki nake kiransa. Ga kuma matsalar ƙanƙantar al'umma: binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa maza biyu kacal, J1 da L41, su ne iyayen fiye da rabin 'ya'yan da aka gwada cikin waɗanda aka haifa tun 1990, kuma kusancin jini yana rage tsawon rai. A daidai wannan lokaci, orkar Bigg da ke yawo a ruwa ɗaya da su, mai ɗauke da guba fiye da tasu, tana ƙaruwa, domin abincinta ya yawaita tun da aka daina kashe sil. Wannan ya sa nake ganin cewa dokar jihar Washington da ta fara aiki a 2025, wadda ta hana jiragen ruwa kusantar mazaunan kudu ƙasa da yadi 1,000, mataki ne mai kyau, amma ba za ta wadatar ba muddin kogunan da ke ciyar da su ba su farfaɗo ba.

Akwai al'ummomin da lokaci ya riga ya ƙure musu. Lokacin da jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya yi haɗari a Alaska a 1989, wani garken orka na yankin da ake kira AT1 yana da dabbobi 22, kuma tara daga cikinsu sun ɓace a cikin shekara guda ko makamancin haka. Garken bai sake samun ɗa mai rayuwa ba tun 1984, kuma tsirarun da suka rage sun tsufa, don haka kiraye-kirayensu, waɗanda babu wata orka da ke yin irinsu, za su ƙare tare da su. A yammacin Sikotland ma haka abin yake: wata mace da ake kira Lulu, wadda aka tsinci gawarta a tsibirin Tiree a 2016 bayan ta sarƙe da igiyar kamun kifi, tana ɗauke da PCB da ke cikin mafi yawa da aka taɓa aunawa a jikin dabbar teku, kuma binciken gawarta ya nuna ba ta taɓa haihuwa ba. A 'yan shekarun nan maza biyu tsofaffi kaɗai ake gani daga al'ummarta.

Mun san abin da ya sami garken AT1 ne kawai saboda masani Craig Matkin da abokan aikinsa sun riga sun ɗauki hotunan dabbobin shekaru kafin man ya malala. Da babu waɗannan hotuna, da an ce orka tana nan a Alaska kamar yadda take, kuma da maganar ta zama gaskiya a bisa jimilla. Irin wannan aiki ba shi da armashi ga masu ba da kuɗin bincike, domin fita ne cikin ƙaramin kwale-kwale shekara bayan shekara, a ɗauki hoton fiffike, a dawo a kwatanta, kuma amfaninsa ba ya bayyana sai bayan shekara ashirin ko talatin. Duniya ta fara amincewa da darasinsa, tun da a 2014 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura suka zartar da ƙuduri a Quito kan la'akari da al'adun dabbobin teku wajen kare su, kuma a 2024 wasu masana suka ba da shawarar a ɗauki mazauna da na Bigg a matsayin jinsi biyu daban. Amma har yanzu ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, tana lissafa orka a matsayin jinsi ɗaya da babu isassun bayanai a kansa, kuma a mafi yawan tekuna masu ɗumi babu wanda ya fara tara kundin hotunan da zai nuna al'ummomi nawa ne a wurin, balle a san wadda take raguwa.