Tsara faifan Ella Fitzgerald na bainar jama'a: inda aiki ya kai

'Yan'uwa masu koyon tattara faifai, jadawalin waƙoƙin da aka naɗa na Ella Fitzgerald, mawaƙiyar jazz ta Amurka, a gaban 'yan kallo ya kammalu daga 1956 zuwa 1966, shekarunta a kamfanin Verve ke nan. Saura zamanin kamfanin Pablo, wanda Norman Granz ya kafa a 1973. Babban gyaran da aka yi a wannan zagaye shi ne sauya tsarin jeri gaba ɗaya: an daina bin shekarar da faifai ya fito kasuwa, an koma bin ranar da aka yi wasan.

Duk wanda ya jera faifanta bisa shekarar fitowa zai ga wasan kulob ɗin Zardi's na Hollywood a can ƙarshe, domin sai a 2017 aka fitar da shi, alhali an naɗe shi ranar 2 ga Fabrairu 1956, 'yan kwanaki kafin ta shiga ɗakin naɗa kundin waƙoƙin Cole Porter. Wasan Rum na 1958 ya kwanta a ma'ajiya shekara talatin, sai 1988 ya ga rana. Na Balin na 1961 ya fito a 1991, na 1962 kuma a 2020. Idan aka bi wancan tsari, kunne ba zai taɓa jin yadda muryar ta sauya daga shekara zuwa shekara ba, kuma wannan sauyin shi ne dalilin yin aikin tun farko.

Jadawalin yana da gida bakwai: ranar naɗa, gari da zaure, mai piyano, sauran makaɗa, kamfani da lambar faifai, shekarar fitowa, sai tsawon kowace waƙa a daƙiƙa. A rubuta kwanan wata da shekara a gaba, kamar 1960-02-13, don kwamfuta ta jera su daidai. Kowane layi ya zama waƙa ɗaya a dare ɗaya. Wanda ya ba faifai guda layi ɗaya zai maƙale da zarar ya ci karo da faifan da ya haɗa darare biyu, kuma irinsu suna da yawa.

Faifan Ella at the Opera House shi ne ya fi rikita masu koyo. Suna ɗaya ne, amma faifan mono da na sitiriyo wasanni biyu ne daban na rangadin Jazz at the Philharmonic na 1957, ɗaya a Shikago, ɗaya a zauren Shrine na Los Anjalis. Waƙoƙin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa mutum ke ɗauka kwafi biyu ya saya na abu guda. Faifan CD da ya fito daga baya ya haɗa duka biyun, don haka a ba kowane dare layukansa. Na Rum kuma yana da nasa tarkon. An yi shi a Teatro Sistina ranar 25 ga Afrilu 1958, ranar haihuwarta, aka kuma yi ta kiransa bikin cika shekara 40, saboda an daɗe ana rubuta 1918 a matsayin shekarar haihuwarta. A 1917 aka haife ta, 41 ta cika a daren.

Gidan mai piyano ya cancanci a ware masa wuri na kansa, domin shi ne ya fi saurin fallasa kwanan wata na ƙarya. Lou Levy ne a Rum, tare da Max Bennett a bas da Gus Johnson a ganga. Paul Smith ne a Balin a 1960 da 1962. Tommy Flanagan ne a Juan-les-Pins ta Faransa a Yulin 1964, inda Roy Eldridge yake busa. Hannun Smith cike yake da ado da gudu, na Flanagan kuwa natsattse ne, yana bar mata fili. Bayan sauraro na mako biyu zuwa uku kunne zai iya raba su ba tare da duba bayan faifai ba. Idan aka ga wani faifai da ba a san asalinsa ba an rubuta masa 1960 amma ana jin hannun Flanagan, a sa masa alamar tambaya.

Darare ukun Balin su ne wurin da ya kamata mai koyo ya daɗe. Na farko a zauren Deutschlandhalle ne, 13 ga Fabrairu 1960: Smith, Jim Hall a jita, Wilfred Middlebrooks a bas, Johnson a ganga. A nan ne baitocin Mack the Knife suka kuɓuce mata a tsakiyar waƙa, ta ci gaba da ƙirƙirar nata nan take ba tare da ta saki kiɗan ba, har ta kwaikwayi muryar Louis Armstrong. Wannan dare ya kawo mata kyautar Grammy biyu. Ta sake rera waƙar a Balin a 1961, sannan a Sportpalast ranar 25 ga Maris 1962. A jera ukun a saurare su a zama ɗaya, da takarda a hannu, ana rubuta daƙiƙar da kiɗa ke hawa sama da inda tafi ke ɓarkewa. A na farko ana jin mace tana neman hanya tana kuma samunta, a na baya waƙar ta riga ta zauna a bakinta. A ganina na 1960 ya fi, ko da yake sautin na 1962 ya fi tsabta nesa ba kusa ba.

Yanzu batun maimaici. Wasanninta na Turai da gidajen rediyo suka naɗa suna yawo ƙarƙashin sunaye barkatai, shi ya sa ake rubuta tsawon waƙa a daƙiƙa. Bambancin daƙiƙa biyu zuwa biyar yawanci yankan tafi ne. Amma idan kowace waƙa ta gajarta da kaso ɗaya, misali daƙiƙa bakwai a waƙar minti huɗu, to tef ɗin ne ya yi gudu da kusan kashi 3 cikin 100, kuma muryar za ta ɗan tashi sama ta yi siriri. A gwada maganar da take yi tsakanin waƙoƙi. Idan kalma da dariyar sun zo ɗaya, dare ɗaya ne.

Mu ma injinmu kan jawo irin wannan ɓarna. Garmahon da aka ƙera don Amurka, mai motar da ke bin bugun lantarki na 60, idan aka sa shi a wutar Najeriya ko Nijar mai bugu 50, zai juya faifai kusan sau 28 a minti maimakon 33 da sulusi. Taransifoma na rage ƙarfin wuta kawai, ba ta gyara wannan. Janareta ma bugunta hawa yake da sauka, don haka kada a kwafi faifai a kanta sai dai da inbata. A tabbatar da juyin da agogo: sau 100 a cikin minti uku cif.

Nauyin allura a bi abin da masu ƙera ta suka rubuta, yawanci tsakanin giram 1.5 da 2. Rage nauyi da niyyar tausaya wa faifai kuskure ne, domin allura mara nauyi tsalle take a cikin layi ta ci gefensa, musamman inda Ella ta ɗaga murya. Lokacin hunturu a share ƙura da buroshi mai laushi kafin kowane gefe, a kuma ajiye faifai a tsaye nesa da rana, zafi na lanƙwasa su. Wajen kwafa da manhajar Audacity, a bar ƙololuwar sauti a wajen -6 a ma'aunin dB, a naɗe gefe guda ɗungurungum, sannan a sa alamar rabuwa a tsakiyar tafi, a adana a tsarin fayil na FLAC. MP3 kan saka ɗan shiru tsakanin waƙoƙi, ya tsinke tafin. Na'urar cire ƙas-ƙas kuma a yi mata sannu, domin ba ta bambanta tsagar faifai da tafi ko bugun gefen ganga, sai ta cinye su tare.

Abin da ke gaba shi ne dararen kulob ɗin Crescendo na 1961 da 1962. An riga an shigar da faifan Ella in Hollywood, amma faifai huɗun Twelve Nights in Hollywood na 2009 suna buƙatar a raba su dare-dare. Daga nan sai wasan Landan na kulob ɗin Ronnie Scott na Afrilun 1974, tare da Flanagan, Joe Pass, Keter Betts da Bobby Durham, wanda da shi za a buɗe shafin Pablo.