Inda na kai a aikin karatuna kan lafiyar ƙwaƙwalwa

'Yan'uwana ɗalibai, ga inda aikina ya kwana, ko zai amfani wanda bai tsai da batunsa ba tukuna. Da Malama ta ce kowa ya zaɓi abin da zai karanta ya gabatar kafin 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, yawancin 'yan ajinmu sun karkata ga shaye-shaye, musamman maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta haramta a 2018. Batun na da muhimmanci, sai dai idan takardu da yawa suka zo gaban malami da magana guda, da wuya wata ta tsaya masa a rai.

Ni kuwa tambaya ɗaya na riƙe: mene ne matsayin dangi wajen jinyar mai taɓin hankali? Abin da ya kai ni gare ta shi ne tsarin da Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara a Aro, kusa da Abeokuta, a 1954. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai ya sa aka sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin ƙwaƙwalwa na Aro, kowanne tare da wani ɗan'uwansa mai kula da ci da shansa, da rana su je karɓar magani, da yamma su koma masauki. Bai kuma kori masu maganin gargajiya ba, aiki ya yi da su, domin ya san wurinsu jama'a ke fara zuwa. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wannan ya dace da abin da muka sani a Sakkwato, inda iyali kan fara da ruƙiyya da rubutun sha, kuma sau da yawa sai abu ya yi nisa ake tunanin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. A ganina, duk bayanin da ya raina waɗannan iyalai ba zai shiga kunnen kowa a ajinmu ba, domin iyayenmu ne.

Da na nuna wa Malama daftarin, ba ta yaba manyan kalmomi ba. Wurin da na haɗa Aro da Kware ta ja wa layi, ta ce a nan aikin yake, sannan ta gindaya mini sharuɗɗa: kowace shekara da na ambata in san inda na samo ta, kuma kada in kawo misalin wani maƙwabci da za a iya gane shi.

Na kammala sashen Lambo. Yanzu ina kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ina neman abin da ta ce game da haƙƙin maras lafiya da amincewarsa kafin a yi masa magani. Turancinta na lauyoyi ne, don haka nake mayar da kowane sashe Hausa a littafina kafin in wuce na gaba.