Tafiyar da muka yi saboda loma ɗaya

Gari bai waye ba muka isa tasha, ni da Umma, da wata jaka cike da takardun asibiti na shekara huɗu. Mota ba ta cika ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Tafiyar wuni guda ce zuwa babban asibitin da aka tura mu, ga hanya duk ramuka. Umma ta zauna ta taga, tana rungume da gorar ruwa kamar jariri.

Da rana ta take, direba ya tsaya a ci abinci. Kowa ya sauka ban da ita. Wata mata da ke gefenmu ta miƙo mata nata, Umma ta ce, "Na gode 'yata, a ƙoshe nake." Ni na san ba ta ƙoshi ba. Kunyar ci a gaban mutane take yi, domin duk abu mai tauri tsaya mata yake a ƙirji, sai ta miƙe wuya, ta kora da ruwa, idanu na hawaye. Ruwa kam yana wucewa lafiya. An ce mata gyambon ciki ne, an ce damuwa ce. An zura mata kyamara ta maƙoshi ba a ga komai ba. Ni kaina na taɓa ce mata ta riƙa daurewa, maganar da har yau take cina.

Da daddare muka shiga gari, muka kwana a wani masauki kusa da asibitin. Washegari ba ta karya ba, aka ba ta wani farin ruwa mai kauri, bariyam, tana haɗiya ana ɗaukar hoto. Likitan ya kira ni gaban allo. Ga ruwan yana gangarowa sumul, sai a saman ƙirji ya lotsa a karkace, kamar an danna tiyo da yatsa ta baya. Hoton siti, wato na'urar da ke nuna cikin jiki yanki-yanki, da aka yi bayan kwana biyu ya nuna mai yatsan.

Ya ɗauki biro ya zana mana. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya tana lanƙwasawa kamar baka, a kanta rassa uku. Na farko shi ke rabuwa biyu, ya kai jini wuya da hannun dama. A jikin Umma rassan huɗu ne. Jijiyar hannun damanta ba ta fito inda ya kamata ba, ita ce ta ƙarshe, can ta hagu. Dole ta tsallaka ƙirji ta koma dama, shi ne ta ratsa tsakanin maƙoshi da ƙashin baya. Shi ya sa kyamarar ba ta ga ciwo ba: cikin maƙoshin lafiyarsa lau, daga waje ake matse shi.

"Wato da ita aka haife ni?" in ji Umma.

"Da ita, Hajiya. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari haka yake, akasarinsu har su mutu ba su sani ba."

"To me ya sa sai yanzu?"

Ya ce jijiya tana da laushi a ƙuruciya, loma ta ture ta ta wuce. Shekaru ke sa ta taurara, wani lokaci gindinta ya kumbura, sai ta daina ba da hanya. Sunan abin disfajiya lusoriya. Wani likita ɗan Ingila, David Bayford, ya gano shi a 1761 a gawar wata mata mai shekara 62 da yunwa ta kashe saboda ta kasa haɗiya. Ya kira shi da kalmar Latin mai nufin wasan halitta. Umma ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan wasa bai yi daɗi ba."

Ba a yanke mata tiyata ba tukuna. Ƙananan loma, tauna sosai, a zaune tsam, ruwa a kusa, a kuma riƙa auna nauyinta. In ramar ta ci gaba ko jijiyar ta kumbura, za a yanke ta daga inda ta fito a haɗa ta da jijiyar wuya ta dama. Ya ce aikin ba sabo ba ne, tun 1946 wani likita, Robert Gross, ya raba wani jariri da wannan matsi a birnin Boston na Amurka.

A hanyar dawowa direba ya tsaya a wurin nan dai. Ina shirin kawo mata ruwa, sai na ga ta riga ni sauka. Ta samu benci, ta sa aka zubo mata kaɗan, tana gutsura tana taunawa a hankali. Kowa ya gama ya koma mota. Direba ya danna oda sau biyu.

"Umma, ana jiranmu."

"Su jira," ta ce. "Likita ne ya ce."