Godiya ga waɗanda suka sa muka zagaya bayan mutum-mutumi

Alhamdu lillahi, mun miƙa aikin ƙarshen zango, an kuma karɓa. 'Yan ajinmu na sassaƙa sun ɗora mini rubuta wannan godiya a madadinsu, wai ni ce na fi kowa shan wuya, don haka ni zan fi sanin wanda ya cancanci a gode masa.

Da gaskiyarsu. Mako uku kafin ziyarar da ajinmu ya kai zauren baje koli, kan mutum da na kwashe wata guda ina ginawa da yumɓu ya tarwatse a murhun gashi, har ɓaraguzansa suka lalata aikin mutum biyu da aka jera kusa da nawa. Ranar na yi kuka, na ce na bar kwas ɗin.

Malam, kai ne farkon wanda za mu gode wa, duk da cewa a lokacin haushinka muka ji. Na tambaye ka abin da ya fasa aikina, ka ce in bari sai mun je zauren baje koli zan gani da idona. Da muka isa kuma ka hana mu taɓa waya na tsawon awa ɗaya. Kowa ya zaɓi aiki guda, ya zana shi da gawayi ta gaba, ta gefe biyu, da ta baya. Mu da muka cika wayoyinmu da hotunan waɗannan ayyuka, muna ganin mun gama saninsu, sai ga shi babu ɗayanmu da ya taɓa ganin ƙeyar ko guda. Hoto fuska kawai yake nunawa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka haƙuri da mu.

A zaure na farko akwai kwafin filasta na kan mutum-mutumin David da hannunsa na dama, aikin da Michelangelo ya sassaƙa daga dutsen marmara tsakanin 1501 da 1504. Wani ɗan ajinmu ya auna da fensir ya ce hannun ya yi girma, ai kuskure ne. Malamar da ke kula da zauren ta yi murmushi, ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Asalin aikin ya haura mita 5, kuma da farko a can saman babban cocin birnin Fulorens na ƙasar Italiya aka yi niyyar kafa shi, inda mai kallo zai ɗaga kai daga ƙasa. Sai ta sa mu duka muka tsuguna muka dubi sama. Malama, mun gode. Tun daga ranar duk wanda zai fara aiki a ajinmu sai ya fara tambayar kansa a ina za a ajiye shi, kuma daga ina za a kalle shi.

Amsata kuwa a zaure na biyu na same ta, a gaban wani kan gasasshen yumɓu irin na Nok da ke jihar Kaduna, waɗanda aka fara tono su a 1928 wajen haƙar kuza, kuma shekarunsu sun wuce 2,000. Na daɗe ina zana idanun nan masu kusurwa uku ban lura da komai ba. Wani dattijo mai gadin zauren, wanda da alama ya gaji da ganina tsaye wuri ɗaya, ya matso da tocilarsa ya haska ta gefe. Ya ce, “'Yata, dubi ƙwayar idon nan. Rami ne.” Na duba. Ido rami, hanci rami, baki rami, cikin kan kuma fanko ne. Nawa kuwa curi guda na yi shi, dunƙulalle, wajensa ya bushe cikinsa na jiƙe. Da wuta ta kama, ruwan ciki ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, ya yi wa kansa hanya. Baba, ban ma tambayi sunanka ba, kuma na ji kunyar hakan. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Zaure na uku mun shige shi a gaggauce saboda yamma ta yi, amma maƙerin da ya nuna mana yadda ake zubin tagulla da kakin zuma, irin dabarar da aka yi kawunan Ife da ita, ya cancanci godiya ta musamman. Ana siffanta abu da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun kafin a ga abin da ya fito. Mutum biyu a cikinmu sun sauya aikinsu gaba ɗaya saboda wannan rabin awa.

Mun gode wa direbanmu da ya jira mu har bayan an rufe ƙofa bai yi ƙorafi ba, da iyayenmu da suka ɗauki nauyin tafiyar. Ku biyun da na ɓata wa aiki, kun yafe mini tun kafin in buɗe baki, kuka kuma taya ni kwaɓa sabon yumɓu. Ba zan manta ba.

Kan mutum na biyu da na yi, da murɗaɗɗen yumɓu na gina shi, zobe kan zobe, kaurin bangonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Na huda ido da hanci da bayan kunne, na bar shi mako biyu a inuwa yana bushewa. Daren da aka sa shi a wuta ban runtsa ba. Ya fito da 'yar tsaga ƙarama a ƙeya, Malam ya ce in bar ta kada in cike. Yana nan a ɗakin aikinmu tare da na sauran, an ɗora shi a tsakiyar ɗaki nesa da bango, ga duk mai son zuwa ya zagaya shi.