Godiya ga masallatai da majami'ar unguwarmu bayan daminar bana

Assalamu alaikum jama'a. Da sunan gidajen da ruwan bana ya rusa a unguwarmu ta hayin gulbi, nan Yamai, nake rubuta wannan saƙo. Dattawa sun ce tunda ni na riƙe littafin rabo, ni zan yi godiyar. Jiya muka share aji na ƙarshe a lakwal, makarantar da aka tsugunar da waɗanda gidajensu suka faɗi, muka wanke bencina, muka miƙa wa darakta makullansa tun kafin ranar 28 ga Oktoban 2024 da gwamnati ta ɗage komawar yara zuwa gare ta. Kowa ya samu inda zai sa haƙarƙarinsa, ko da yake akwai masu iyali da yawa da ke cushe a ɗaki guda har yanzu. Alhamdu lillahi.

Ba sai na ba mutanen Yamai labarin watan Agusta ba. Ruwa ya yanke hanyar Dosso a Sorey, ya yanke ta Kollo a Ndunga, manyan motoci suka tsaya cak, mai ya yi wuya a gari, alhali dama shinkafa ta hau tun da aka rufe iyakar Benin a 2023. A 2020 kogin Isa ne ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoye. Bana kuwa mu daga sama ya zo mana. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa ranar da aka yi ruwan. Ruwa yake kwanciya a gindin bango, tubali ya yi ta sha, sai tsakar wani dare ka ji rugum. Shi ya sa wasu gidajen suka faɗi a daren da ko yayyafi ba a yi ba.

Godiya ta farko ga limamanmu biyu, na masallacin Izala da na zawiyar Tijjaniyya. Allah Ya saka musu da alheri. Wanda bai san unguwar ba zai ɗauka zaunar da liman da fasto a tabarma guda shi ne babban aiki. Wallahi wannan bai ba mu wuya ba. Haɗa masallatan nan biyu shi ne aikin da mai unguwa ya yi wa zarya, don akwai mutanen da suka shekara goma suna bi ta bayan layi kada su wuce ƙofar ɗaya masallacin. Amma da aka zauna, Malam na zawiya ne ya fara cewa a haɗa abin da aka tara ran Juma'a wuri ɗaya, Malam na Izala ya ce to a kai shagonsa a ajiye, yana da daɓen siminti kuma ba ya yoyo. Babu wanda ya bar aƙidarsa. Kowa ya ci gaba da sallarsa a inda ya saba, hatsin ne ya zama ɗaya.

Sai Fasto da dattawan majami'a, da ƙungiyar matansu ta zumunta. Tun kafin a buɗe mana lakwal, su suka fitar da bencinansu waje suka shimfiɗa tabarmi, mata da ƙananan yara suka kwana a ciki. Da asuba mai gadin majami'ar ne ke jera butoci a bakin pampo saboda masu alwala. Ranar da suka sayo rago don a yi wa masu jego romo, ba su taɓa shi ba sai da suka aika aka kira ladan. Fasto ya miƙa masa wuƙa ya ce, "Malam, kai za ka yanka, don kowa ya ci hankalinsa kwance." Duk wanda yake garin nan a watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, ya san nauyin buɗe wannan ƙofa. Ba su tuna mana ba ko da wasa. Ni ne nake tunawa, don a ganina ya kamata yaranmu su san wa ya ba uwayensu wurin kwana.

Abin da ya fi amfani cikin duk aikin nan shi ne littafi guda. Da kowane masallaci ya yi nasa rabo, majami'a ta yi nata, da mai baki ya karɓa sau uku, mai kunya ya kwana da yunwa. Mun ga haka a 2020. Bana aka ce suna ɗaya, gida ɗaya, littafi ɗaya, kuma ba a rubuta kowa sai mutum biyu daga jama'a daban-daban sun je sun gani da idonsu. A littafin babu wurin rubuta addini. Akwai yawan bakin da ke ci a gidan, da ko akwai mai ciki, da tsoho, da mara lafiya.

A nan ne muka gane kowace jama'a tana ganin abin da ɗaya ba ta gani. Liman ya san magidancin da ya daina tsayawa hira bayan Isha'i saboda mai shago na binsa bashi. Matan zumunta da malaman Islamiyya mata sun san gidan da hayaƙi bai tashi ba tun jiya. Akwai mutanen da ba za su taɓa shiga layi ba ko za su mutu: tsohon ma'aikacin da fanshonsa ba ya kai tsakiyar wata, bazawarar da mijinta ya tafi bida Libiya aka daina jin ɗuriyarsa, malamin allo mai almajirai da ke jin nauyin a ce ya roƙa. Su aka fi kai wa da dare. Iyayenmu mata ne suka ɗauki wannan, Hajiya shugabar adashe da Mama ta majami'a. Su auna tiya biyar ta hatsi ko masara su ƙulle a tsohon zane, su ɗora a ka kamar masu zuwa barka, su yi sallama su zauna a gaisa, a tambayi yara, in za su tashi su bar ƙullin a bayan ƙyaure. Wani dattijo ya biyo su har zaure yana cewa, "Hajiya, kin manta kayanki." Ta ce, "Baba, ajiya ce na kawo, ku taɓa kafin in dawo." Sunayen irin waɗannan gidaje ba su shiga littafin da kowa ke dubawa ba, suna wata takarda da mutum uku kawai suka sani. Rufin asiri ya fi buhun shinkafa tsada a wurin irin waɗannan mutane, kuma iyayenmu mata sun fi mu sanin haka nesa ba kusa ba. Allah Ya rufa musu asiri duniya da lahira.

Samarin fada, ku ma na gode. Mun sha yi muku faɗa kan shayi da hira har tsakar dare, ga shi zaman daren nan naku ne ya sa kuka riga kowa jin faɗuwar katanga, kuka tono wata tsohuwa da jikarta da hannu da shebur kafin masu kashe gobara su iso. Kun cika buhunan yashi, kun yashe magudanar da leda ta toshe, kun tura amalanke cikin taɓo har gwiwa. Masu ga-ruwa sun yi ta zuba wa lakwal ruwa ba su karɓi ko dala ba.

Akwai wani magini ɗan Togo, ɗan majami'a ne, da ya hana mu sake gini yadda muka saba. Ya ce a ɗaga harsashi da sahu uku na bulon siminti kafin a ɗora tubalin ƙasa, a kuma fitar da indararo nesa da gindin bango. Ya koya wa yaranmu, bai karɓi kuɗin hannu ba. Da gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoban 2024, shawararsa ta zama abin da talaka zai iya. Haka ma wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa lakwal bayan ta tashi aiki tana duba yara, saboda zazzaɓin cizon sauro ya kama su sosai, ga ruwa kwance ko'ina. Ita ta nace a sayi gidan sauro kafin a sayi sukari, aka yi ta gardama da ita, kuma ita ce da gaskiya.

Ƴan uwanmu na Abijan da Legas da Kwatano, saƙonku ya iso. Jika biyu, jika biyar, jika goma, duk an rubuta, kuma an sa hoton kowane shafi a zaurenmu na WhatsApp don kowa ya duba. Ƴan kasuwar Katako da suka ba mu kwano da katako bashi ba tare da ƙarin ko sisi ba, Allah Ya sa albarka a kasuwa.

Masu zuwa da mota su jera mata a rana, su ɗora musu bokiti ɗaya a ka su ɗauki hoto su tafi, su ma mun gode da bokitin. Amma kwamiti ya yanke cewa daga yanzu duk mai kawo taimako ya ajiye a shago, ba a ɗaukar hoton fuskar kowa.

Limamai da Fasto sun amince ba za a rufe littafin ba. Za a ci gaba da tara abin da ya samu ran Juma'a da ran Lahadi, a fara da kayan lakwal na marayu, sannan gidajen da har yanzu tanti ne rufinsu, ga sanyi na tafe. Zama na gaba ran Asabar bayan La'asar a ƙofar gidan mai unguwa. Masu manyan tukwane biyu da shebura da aka aro, su zo su duba nasu a shagon Malam na Izala, don babu suna a jikinsu kuma ba ma so mu ba wani kayan wani.