Farar takardar da malamarmu ta miƙo min

Shekarar da na faɗi jarrabawar kimiyyar sinadarai, ba rashin karatu ne ya kayar da ni ba. Kwana uku na yi ina bitar littafi ɗaya, ina ja wa layuka jan biro har shafin ya rine. Ina ganin tambayar farko, kaina ya ɗauke ɗif.

Malamarmu ta kira ni, ta karɓe littafin, ta miƙo min farar takarda: "Rubuta min abin da ka tuna a babi na huɗu." Layi biyar kacal na iya. Wallahi abin ya yi min ciwo.

Daga nan na koma minti 30 kullum. In karanta, in rufe, in rubuta da ka, sannan in duba inda na kuskure. Bayan kwana biyu in sake, bayan mako in sake. Ashe tun 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan karatu, kuma bitar da aka rarraba ta fi zama a kai.

Daren jiya, ƙarfe ɗaya, na iske ƙanwata da jan biro a hannu, idonta ya yi jawur. Na ce, "Ƙanwata, je ki kwanta. Da safe zan ba ki takarda."