Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan maganar titin nan

Assalamu alaikum 'yan uwa da maƙwabta.

Jiya da safe na tsaya a ƙofar gida ina kallon 'yata za ta tsallaka titi, ba sanda, ba mai riƙe mata hannu. Wata mota ta taho, ta iso tudun rage gudu na farko ta sassauta, ta iso zanen tsallakawa ta tsaya cak. Yarinyar ta ɗan ja ƙafar hagu kamar yadda take yi tun da aka cire mata ƙarfen, ta haye. Na koma ciki na zauna, na daɗe ban ce uffan ba. Alhamdu lillahi. Shi ya sa na ga bai kamata in ƙara kwana ban yi wannan godiya ba.

Na fara da waɗanda suka ɗauke ta daga kan kwalta ranar da mota ta buge ta, ina wurin aiki ban san abin da ake ciki ba. Har yau ban san sunan saurayin da ya cire rigarsa ya ɗaure mata ƙafa ba. In wannan saƙo ya iske ka, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Likitan ƙashi da ma'aikatan jinya, da waɗanda suka ba da jini, da matan da suka riƙa karɓar mahaifiyarta kwanan asibiti, Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Amma maganar titin ce nake so in daɗe a kanta, domin a nan ne aka gwada haƙurinmu.

Da yawanku kun san koken da ya sa aka yi mana aikin nan ba shi ne na farko ba. Tun kafin abin ya faru mun taɓa rubuta wa majalisar ƙaramar hukuma cewa motoci na sheƙa gudu a gaban makaranta. Aka amsa mana da layi uku: an karɓa, an miƙa wa sashen da abin ya shafa, za a duba. Shiru kake ji. Bayan hatsarin, da zuciya ta ɗebe mu, matasa suka kwaɓa siminti cikin dare suka yi tudu da kansu. Ba a yi mako ba aka zo aka fasa shi. A lokacin na yi fushi ƙwarai, har na faɗi maganganun da nake jin kunyarsu yanzu. Daga baya na yarda suna da hujja: tudun ya yi tsini, ba fenti, ba allon gargaɗi, kuma saura ƙiris wani mai babur ya karye a kansa.

Wanda ya buɗe mana ido wani ma'aikaci ne a sashen ayyuka, wanda ba zan ambaci sunansa ba don kada in ja masa magana. Na je masa da takardar koke ta biyu, shafi-shafi na sa hannu, ina ji kamar na ɗauko dutse. Ya jujjuya ta, ya buɗe wani fayil, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa maka. A wurinmu, in ban da na 'yarka, ba a taɓa yin hatsari a titin nan ba." Na ce, "Yallaɓai, ni kaɗai na san huɗu." Ya ce, "An kai rahotonsu?" Na yi shiru. Duk a bakin titi aka sasanta, direba ya biya kuɗin magani, aka yafe wa juna, kowa ya kama gabansa. Ashe yafiyar da muke yi ita ce take goge titinmu daga lissafinsu.

Ya zaunar da ni ya warware mini yadda abin yake tafiya. Da farko sai an tabbatar titin na wane ne, domin ba kowace hanya da ta ratsa unguwa ce ke hannun ƙaramar hukuma ba, kuma koke da yawa a nan suke mutuwa, ana jefa su daga wannan ofis zuwa wancan. Sannan a duba rahoton hatsari. Sannan a auna gudun motoci, kuma injiniyoyi ba direban da ya fi kowa ganganci suke kallo ba, gudun da direbobi 85 cikin 100 ba sa wucewa shi suka fi dubawa. Sai a ji ta bakin 'yan kwana-kwana da masu motar ɗaukar marasa lafiya, don tudu yana ci musu lokaci. Bayan duk wannan, in babu aikin a kasafin kuɗin bana, sai baɗi. Yawan sa hannu yana sa a saurare ku, in ji shi, amma ba shi ke fitar da kuɗi ba. Yallaɓai, rabin sa'ar nan da ka ba ni ta fi mana duk zaryar da muka yi a baya. Na gode.

Daga nan muka sake shiri. Godiya ta musamman ga Baba na gidan kan kwana, wanda ya sa kujera a ƙofar gidansa da littafi da biro, safe da yamma, yana rubuta duk wani ƙaran birki da duk yaron da ya sha da ƙyar, da rana da lokaci. Jikokinsa suna yi masa dariya wai ya zama ɗan sanda bayan ritaya. Littafin nan nasa, da ya yi daƙal-daƙal da zufar hannu, shi aka riƙa miƙawa daga kansila zuwa kansila ranar zaman majalisa.

Sai Malama mai koyar da lissafi, wadda ta sake rubuta koken. Ta cire duk zafin da na zuba a ciki, abin da bai yi mini daɗi ba a lokacin, ta sa lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, tun kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Mai gudun 30 kuwa mita 8 da 'yan kai. In gudu ya ninka, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkawa. Ta kawo alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, cewa mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta tuna musu cewa a taron ministocin duniya kan kiyaye hatsarin hanya da aka yi a birnin Sitokhom a 2020 an yi kira da a tsayar da gudu a kilomita 30 a inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, kuma Sifen ta mayar da hakan doka a 2021 a titunan cikin gari masu layi ɗaya kowane ɓangare. Ta kuma hana mu cewa "a yi wani abu". Muka nemi abu uku da sunansu: tudun rage gudu, zanen tsallakawa, da fitila.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Da aka shimfiɗa robobin auna gudu, Baba kuma yana zaune da littafinsa, sai ga shi ba baƙi kaɗai ke gudun ba. Har da mu, masu sa hannu a koken. Ni kaina na san safiyar da na makara na taka mota a gaban makarantar nan. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ga kansilarmu, na gode da kika tsaya kai da fata har maganar ta shiga jadawalin zama, kuma kika riƙa ɗaukar wayata ko ranar da ba ki da labari mai daɗi. Ga majalisa, mun gode da aikin, an yi shi da kyau, an bar wa ruwa hanya a gefen tudun. Sai dai ba zan yi munafunci ba: abin da kuka yi bana shi muka roƙa tun ƙafar 'yata tana lafiya, kuma da an aiko mutum ɗaya ya faɗa mana abin da ake buƙata tun a koken farko, da wataƙila labarin ya sha bamban. Maƙwabtanmu da tudun ya faɗo daidai tagarsu, kuna jin ƙarar manyan motoci cikin dare, kun kuma haƙura, mun san da ku.

Direban da ya buge 'yata ya zo asibiti sau uku. Na yafe masa, amma wannan karon sai da aka rubuta rahoto.

Saura fitila. An ce tana cikin kasafin baɗi, kuma kwafin wasiƙar mai hatimi yana hannun Malama. Baba ya ce ba zai shigar da kujerarsa ba sai ranar da ya ga an kunna ta. Wanda yake da littafin rubutu sabo ya taimaka masa da shi, na hannunsa saura shafi biyu.